Hoton jakar fata: ja tana komawa ruwan goro, baƙa kuma sai ƙyalli

Maman Ilham, Rikkos:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san hoton kayan ado, musamman jakunkunan hannu na mata. Jaka uku ce a gabana, kowacce da matsalarta. Ta farko baƙa ce mai sheƙi kamar madubi, da sarƙa ruwan gwal. Duk ta inda aka ɓullo mata, sai taga da silin da mai ɗaukar hoton kansa su fito a jikinta. Ta biyu ja ce ta fatar akuya, aikin dukawan Naraguta a nan Jos. A ido ja ce mai duhu, amma a hoto sai ta koma ruwan goro, ƙwayar fatar kuma ta ɓace, ta zama kamar roba. Ta uku ruwan madara ce, ita kuma ko dai ta fito fara fat ko ta fito kamar mai dauɗa, sannan hannunta ba ya tsayawa, sai ya kwanta gefe.

Kayan aikin da ke akwai: waya mai kyamara mai kyau, ƙaramar kyamara mai gilashin 50mm, da sandar kyamara mai ƙafa uku. Babu situdiyo. Ɗaki ne mai taga biyu, bangonsa fenti ruwan hoda. Ina son hoto mai aji irin na mujallun ado, amma wanda in mutum ya riƙe jakar a hannu zai ce lallai ita ce ya gani. Don Allah a yi bayani dalla-dalla.

Mai Hoton Gangare:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kyamararki ta isa, har ta yi yawa. Matsalolin nan uku duk daga haske suke, kuma bangon nan ruwan hoda shi ne na farko da za a kama. Duk hasken da ya bugi bango yana dawowa da kalar fentin, ya zauna a kan jaka. Ruwan madara ita ce ta fi shan wannan wahalar, shi ya sa kike ganinta kamar mai dauɗa. Ki rataya farin zanin gado ko yadi uku na farin akoko a bangon da ke fuskantar taga, ki rufe taga ta biyu da bargo mai kauri, ki kashe kwan ɗaki. Haske ya zo ta hanya ɗaya kawai. A ma'aunin kalar haske da ake rubutawa da K, kwan ɗaki mai rawaya yana wajen 2700K, hasken rana kuwa wajen 5500K, in suka haɗu a hoto ɗaya gefen jaka zai yi rawaya, ɗaya gefen ya yi shuɗi, kuma babu gyaran da zai daidaita su biyun a lokaci ɗaya.

Ki zaɓi tagar da rana ba ta shigowa kai tsaye. A nan Jos, daga Satumba zuwa farkon Afrilu rana tana karkata kudu, don haka tagar arewa ce abokiyar aiki. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta sai ta ɗan koma arewa, tagar kudu ta fi. In tagogin gabas da yamma ne, ki yi aiki da ta yamma da safe, ta gabas bayan azahar. Ki lulluɓe tagar da farin yadi mai shara-shara, ninki ɗaya, in rana ta yi ƙarfi ninki biyu.

Teburi ya zauna kamar mita ɗaya daga taga, tagar tana gefen jaka, hagu ko dama. Kada ta kasance a bayanki. Wannan shi ne maganin jar jakar. Hasken da ya fito daga bayan mai hoto yana cike duk ƴan ramukan fata, sai ta yi sumul kamar leda. Wanda ya zo ta gefe kuwa yana shafar fatar a kwance, kowace ƙwaya ta samu ƴar inuwarta, ɗinki ya taso, a ga kaurin baki. Ki fara da juya jakar yadda fuskarta za ta ɗan kalli taga, ki riƙa juyawa a hankali kina duban fuskar kyamara har ƙwayar ta bayyana. Ɗaya gefen zai yi duhu. Ki tsayar da farin kwali a can, tazarar taƙi biyu daga jaka. Farin soson nan da ake naɗo firji ko talabijin a ciki ya fi kwali ma, don yana tsayawa da kansa. In kin matso da shi inuwa ta ragu, in kin ja shi baya ta ƙaru. Kada ki kashe inuwar gaba ɗaya, ita ce ke nuna jakar tana da ciki da kauri.

Bayan jaka: babban farin kwali ko ruwan toka, a manna samansa a bango da salatif, a bar ƙasansa ya gangaro kan teburi ba tare da an karya shi ba. Jakar ta yi nesa da bango da kamar rabin mita don kada inuwarta ta hau.

Saitin kyamara: ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, buɗewar ido f/8, in jakar mai faɗin gindi ce f/11. Saurin ƙiftawa zai sauka zuwa 1/15 na daƙiƙa ko ƙasa da haka, hannu ba zai riƙe ba, don haka a kan sanda, da agogon da ke jinkirta ɗauka daƙiƙa biyu bayan an danna. Ki ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba. Tsayin kyamara daidai da tsakiyar jaka ko sama kaɗan, tazara mita ɗaya da rabi. In da waya ne, ki danna 2x ki ja baya. Babbar kyamarar waya faɗi gare ta, in aka matso da ita kusa sai gaban jaka ya kumbura, gefuna su lanƙwashe, jaka mai kusurwa huɗu ta koma kamar tulu.

Yanzu dalilin da baƙa take fitowa toka-toka, mai haske kuma ta yi duhu. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki ne. In ya ga baƙi ya cika hoto sai ya ƙara haske, in ya ga fari sai ya rage. Ke za ki gyara masa: baƙar jaka ki rage mataki ɗaya, wato -1, ruwan madara a kan farin kwali ki ƙara +0.7 zuwa +1. A waya ki danna kan jakar ki riƙe har ta kulle, sannan ki ja alamar ranar nan sama ko ƙasa. Ja kuwa tana da nata halin. Ita ce kalar da ke fara cika ta tumbatsa a kyamara, in ta tumbatsa sai ta karkata ruwan goro, bayanin fatar ya narke. Ki rage mata -0.3 zuwa -0.7 ko da hoton ya yi kamar ya ɗan yi duhu. Kuma kafin kowace jaka ki ajiye kati ruwan toka, irin na masu hoto mai kashi 18, a gabanta ki ɗauki hoto ɗaya. Da shi za a daidaita kala daga baya. In gajimare ya rufe rana ko ya buɗe, ki sake ɗaukar katin, don hasken Jos a damina yana iya sauyawa sau uku kafin a gama jaka ɗaya.

Baƙa mai sheƙi ita ce mai cin lokaci. Ki ɗauke ta a matsayin madubi: abin da ke gabanta shi za ta nuna, don haka ke za ki zaɓa mata abin da za ta gani. Ki sa baƙaƙen kaya. Ki huda rami a tsakiyar baƙin kwali daidai girman gilashin kyamara, ki leƙa ta nan. Sai ki kawo dogon farin kwali gefe ɗaya, ki riƙa motsa shi har ya zana dogon layin haske mai tsabta a gefen jakar, daga sama zuwa ƙasa. Layin nan ɗaya shi ne ke gaya wa ido cewa jakar tana sheƙi. In aka kashe ƙyalli duka, ta zama baƙin tabo kawai. Akwai gilashin rage ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin kyamara ana murzawa. Yana aiki a kan fata, amma yana cinye kusan mataki biyu na haske, kuma ba ya taɓa ƙyallin ƙarfe. Sarƙa da makulli sai da kwali: fari a sama ya ba su haske, ɗan siririn baƙi a gefe ya ba su baki. Gwal ɗin da bai ga baƙi ko kaɗan ba yana fitowa kamar rawayan roba.

Ɗan Baduku:

Malam ya gama da haske. Ni zan koma baya kaɗan, don rabin aikin yana ƙarewa kafin a ɗora jaka a teburi.

Ki cika cikinta, Hajiya, amma kada ki ɗura. Farar takarda mai laushi, a dunƙule ta sako-sako, a fara da kusurwoyin ƙasa huɗu, sannan tsakiya, sama ya zama na ƙarshe. In kusurwa ta lotsa, duk hoton ya lotsa. In kuma aka ɗura da yawa, zif ya yi ciki, murfi ya ƙi kwanciya. Banda jarida, tawadarta tana kama shafin ciki, kuma a jaka ruwan madara ba ta fita. Jakar da ta daɗe a lanƙwashe a cika ta a bar ta kwana biyu, za ta dawo da kanta. Kada a kusanto da dutsen guga ko na'urar busar da gashi, zafi yana ƙona man fata, ya kuma ɗaga fentin baki.

Hannun da ke kwanciya: zaren fatsa, siririn nan fari na kamun kifi. A ɗaura a tsakiyar hannun, a kai sama a ɗaure a sandar da aka gitta kan kujeru biyu. A ja shi daidai yadda hannun zai yi baka kamar ana riƙe da shi. In aka ja da ƙarfi sai ya yi tsini, kowa ya gane rataye yake. A sa ɗan guntun takarda tsakanin zaren da fata ta ƙasa, don zaren yana yanka laushin fata ya bar layi.

Share ƙura da busasshen tsumma mai laushi irin na goge tabarau, layin ɗinki kuma da sabon burushin kwalliya. A hunturu ki goge kafin kowane ɗauka, don baƙa mai sheƙi tana jan ƙura cikin minti biyar. Ki sa farar safar hannu ta auduga, tambarin yatsa a kan makulli ba ya ganuwa a ido amma a hoto sai ya fito ɓaro-ɓaro. Abin da ya fi ɓata jaka a wajen masu son ta yi kyau a hoto shi ne shafa mata mai. Man kaɗanya, man zaitun, basilin, duk suna sa fata ta yi duhu tabo-tabo, su riƙe ƙura, daga baya su jawo fumfuna in damina ta shigo. In fatar ta bushe da sanyin Jos, man gyaran fata marar kala, kamar ƙwayar wake ɗaya a tsumma, a gwada a gindin jaka tukuna, a bar shi ya kwana.

Jar nan ta akuya ki kula da ita. Jar akuyar Sakkwato fatarta ce aka daɗe ana kaiwa arewacin Afirka ta hamada, Turawa suka saye ta daga can suka sa mata suna fatar Maroko. Jimar gargajiya da bagaruwa ake yi, jan kuma sau da yawa na karan dafi ne. Irin wannan rinin yana da zurfin da fenti ba shi da shi, amma jiƙaƙƙen tsumma yana ɗebe shi, rana kuma tana koɗar da shi. Kada a bar ta a taga tana jiran layi. Ki kuma raba ta da mai ruwan madara, kada su jingina da juna ko na awa ɗaya.

Ga abin da mai sanin jaka yake nema a hoto, ko ta Naraguta ce ko ta Faris. Yana son ganin ɗinki a kusa. Ɗinkin hannu da allura biyu, irin wanda gidan kayan fata na Faransa Hermès ya shahara da shi, kowane taku yana ɗan karkata, kuma in ɗaya ya tsinke sauran ba sa warwarewa. Na keke ya fi miƙewa, zaren sama da na ƙasa sarƙe suke. Yana son ganin baki, wato inda aka yanke fata aka shafe ta, ko sumul yake ko ya fara tsagewa. Yana son gindi da kusurwoyi, don nan jaka ke fara tsufa. Sai ciki a buɗe, da haƙoran zif, da inda hannu ya haɗu da jiki. Hoto kamar tara ke nan ga kowace jaka, har da gaba da baya da gefe. In akwai ƙarzuwa a nuna ta.

Fata kuma iri-iri ce, kowacce da hasken da take so. A Hermès kaɗai, fatar da suke kira Togo mai laushi ce mai ƙwaya, Epsom kuma an danna mata zane ne da inji, tana da tauri, tana riƙe siffarta. Box sumul take, ƙarzuwar farce ma tana nunawa. A Chanel akwai fatar ɗan rago mai santsi da kuma mai ƙuraje da suke kira Caviar. Masu ƙwaya suna son hasken gefe sosai, masu santsi suna son faffaɗan haske mai laushi. Jikin Louis Vuitton mai tambarin nan da aka fito da shi a 1896 kuwa yadi ne mai rufi, fatar tana hannu da gefuna ne, kuma ba a rufe ta da komai ba, shi ya sa take farawa fara-fara ta koma ruwan zuma da shekaru. Wanda ya gyara hoto ya haskaka wannan hannun ya ɓoye shekarun jakar, kuma masu saye da shi suke auna ta.

Maman Ilham, Rikkos:

Allah ya saka da alheri, Malam da Ɗan Baduku. Na gwada rufe taga ɗaya da rataya farin zani, ruwan madarar ta dawo kalarta. Saura biyu: in ana son a ɗauka da mutum riƙe da jakar a waje, wane kaya za ta sa kuma a ina? Sannan in dole sai da dare, wace fitila za a saya?

Anti Mai Gayu, Rayfield:

Ƙanwata, hoton jaka a teburi yana nuna yadda aka yi ta, hoto a hannun mace kuma shi ne ke nuna girmanta da inda za a je da ita. Lamba kaɗai ba ta isa ba. Jakar Birkin ta Hermès, wadda aka fara a 1984, ana kiranta da faɗinta a santimita, 25, 30, 35, 40, amma mace ba ta sanin bambancin 25 da 30 sai ta ga inda jakar ta tsaya a jikin wata. Don haka ko da kin rubuta awo, ki yi hoto ɗaya a tsaye tun daga kai har ƙafa.

Kaya: jakar ce amarya, kada kayan su yi mata kishiya. Baƙa mai sarƙar gwal ta fi fitowa a kan abaya ko doguwar riga mai kala ɗaya marar ƙyalli, ruwan toka, ruwan ƙasa mai haske, ko kore mai duhu. Baƙa a kan baƙar abaya ɓacewa take yi, sai dai a riƙe ta nesa da jiki, bango mai haske ya fito ta tsakani. Shadda mai maiƙo tana da wuyar sha'ani, don ita ma madubi ce, ƙyallinta yana ƙwace ido daga jaka, kuma ƙananan zanenta wani lokaci suna yin rawa-rawa a fuskar waya. Leshi mai duwatsu haka. Atamfa tana yiwuwa in zanenta manya ne kuma akwai kalar jakar a ciki ko da kaɗan, sai mayafi ya zama lami, marar ado. Jar ta akuya ki gwada ta da fari ko da shuɗin rini irin na Ƙofar Mata, haɗin yana da kyau ƙwarai. Amma rinin baba yana zuba, don haka mai ruwan madara kada ta kusance shi ko kaɗan. Sabon lalle ma haka, a bari ya kwana biyu kafin a riƙe farar jaka, kuma a fesa turare kafin a ɗauki jaka, a bari ya bushe.

A nan zan ɗan saɓa wa Malam kan farin bango. Don nuna kaya ga mai saye, daidai ne. Don hoto mai aji kuwa ba dole ba ne. Seydou Keïta mai hoto na Bamako da hasken rana ya yi aikinsa a tsakar gida, yana rataya zani mai zane a bayan mata masu sanye da zani mai zane, kuma har yau manyan gidajen tarihi suna rataye hotunansa. Abin da ya sa bai rikice ba, nasa baƙi da fari ne, sannan girman zanen baya daban da na riga. In za ki bi wannan hanyar da kala, ki tsaya a kala biyu ko uku a duk hoton, ki sa mai riƙe da jakar ta yi nesa da zanin da mita biyu, ki buɗe idon kyamara zuwa f/2.8 ko f/4 don bayan ya narke.

Wuri kuwa Allah ya hore mana. Duwatsun Jos ruwan toka ne, ba sa watsa wata kala a fuska ko a jaka, kuma kaushinsu yana sa fata ta ƙara laushi a ido. Gindin duwatsun Shere, ko bakin ruwan Rayfield da yamma, ko ma katangar dutse a unguwa. Ki guji jar ƙasa a ƙarƙashin ƙafa in rana ta take, tana turo ja zuwa haɓa da gindin jaka. Ciyawa kuma tana turo kore. Lokaci: daga fitowar rana zuwa kamar takwas da rabi, ko daga huɗu da rabi zuwa kusan magariba. Tsakar rana tana zuba inuwa a ƙarƙashin ido, ta ƙona saman jaka. Hazon hunturu kyauta ce ga mai hoto, yana tace rana kamar an rataya yadi a sama, sai dai yana kashe kala kaɗan, ga ƙura. A bar jakar a cikin buhunta na yadi har sai an shirya, a tafi da tabarma ko farin zani, kada a dire ta a kan dutse, gindinta zai karce.

Riƙo: kowace jaka da yadda aka yi ta a riƙe. Chanel 2.55, wadda sunanta ke ɗauke da watan da aka fitar da ita, Fabrairun 1955, an sa mata sarƙa ne don hannun mace ya huta, saboda haka mai sarƙa a kafaɗa take, ko a ninka sarƙar biyu. Mai gajeren hannu irin Kelly ko Lady Dior a yatsu ko a gwiwar hannu. Yatsu su yi sako-sako, in aka damƙe jijiyoyi suna tasowa. Fuskar jakar ta kalli kyamara da ɗan karkata, makulli a rufe, mayafi kada ya sauko ya rufe inda hannu ya haɗu da jiki. A sa ta yi taku uku a hankali tana zuwa, a ɗauka a 1/500, a nan ne riga da jaka suke samun rai. Ma'aunin haske a kan fuska za a ɗauka, wani ya riƙe farin kwali daga ƙasa ta gefe. Kuma don Allah kada a haskaka fatar mutum a gyara. Baƙar fata da gwal da jar fatar akuya a hasken yamma ba sa buƙatar taimakon kowa, kuma duk abin da aka yi wa fuska ya shafi kalar jakar da ke kusa da ita.

Mai Hoton Gangare:

Na yarda da Anti kan bango, in dai an riga an yi na farin kwali an ajiye.

Maganar dare. Fitila ɗaya mai kyau ta fi uku marasa kyau. Ki nemi LED ta masu bidiyo, wadda aka rubuta 5500K ko 5600K a jikinta, da CRI 95 ko sama. Lambar nan ta biyu ita ce ke nuna yadda fitila take fito da kala da gaskiya. Kwan gida mai araha yana kusan 80 ko ƙasa, kuma ja ce kalar da ya fi zalunta, sai jakar Naraguta ta fito kamar bulo. Mai wat 60 ta isa teburi. Kada ki haska jaka da ita tsirara. Ki rataya farin yadi mita ɗaya a faɗi tsakaninsu, fitila rabin mita a bayan yadin, yadin kuma kamar taƙi uku daga jaka. Kin mayar da ita taga ke nan, sauran duk kamar yadda na faɗa a sama. Fitilar zobe da ake ɗora waya a tsakiya ta fuska ce. A jaka tana kashe ƙwayar fata, ta bar farin zobe a kan makulli da duk wani wuri mai sheƙi. Filashar kan kyamara ma haka.

In kin ga layuka masu duhu sun gitta hoto, fitilar ce ke ƙiftawa da bugun lantarki. Wutarmu 50 take bugawa a daƙiƙa, don haka ki sa saurin ƙiftawa a 1/50 ko 1/100, ko ƙasa da haka kamar 1/25. A kan janareto bugun ba ya zama daidai, gara fitila mai batir.

Gyara: ki buɗe hoton katin toka a Lightroom, manhajar gyaran hoto, ki taɓa katin da alamar daidaita fari, ki kwafe saitin zuwa sauran hotunan da aka ɗauka a haske ɗaya. Kafin nan ki kashe tsarin kare ido da ke sa fuskar waya ta yi rawaya, ki kuma cire ta daga saitin da ke ƙara wa kala armashi, hasken fuskar a tsakiya. Ki ajiye jakar a gefenki kusa da taga kina kwatantawa. In jar ta ci gaba da karkata ruwan goro, ki shiga wajen gyaran kala ɗaya-ɗaya, ki ja ruwan goro zuwa ɓangaren ja kaɗan, ki rage haskensa. Kada ki taɓa abin ƙara kala na gaba ɗaya. Ki goge ƙura da zaren fatsa, ki bar ƙarzuwa da lanƙwasar fata yadda suke. Kaifi kaɗan, in ya yi yawa fata tana komawa kamar yashi.

Ki fitar da hoton a tsarin kala na sRGB, in ba haka ba kala za ta koɗe a wayar wasu. Na Instagram a tsaye, faɗi 1080 da tsawo 1350, ki bar sarari sama da hannun jaka da ƙasan gindinta don kada a yanke. In za ki tura wa wani ta WhatsApp, ki tura a matsayin fayil, don in aka tura a matsayin hoto yana matse shi, ɗinkin da aka sha wahala a kansa ya dame. Sannan ki buɗe shi a waya biyu daban, ɗaya mai tsada ɗaya mai araha, ki duba jar a kowacce kafin ki saka.